Goyo: littafin aikin fassarar fim ɗin Cargo da nake yi wa Gwaggo

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Gwaggo ce ta jawo mini wannan aikin. Daren jiya ina kallon Cargo a kwamfuta karo na uku, ta shigo neman ashana, ta tsaya a bayana, ta ga Bature yana tafe cikin jeji da jaririya a baya. Ta ce, "Kai, namiji da goyo? Ina uwar?" Na ce uwar ta rasu, shi ma kwana biyu suka rage masa. Sai ta jawo kujera, ashanar ma ta manta da ita. Ina tsayar da fim ina yi mata bayani, ina saki ina sake tsayarwa, har ta gaji ta ce in yi mata shi yadda ake yi wa na Indiya, ta kalla a zama ɗaya. Bakina ya riga hankalina, na ce kafin azumi.

Ga wanda bai san fim ɗin ba: na Ostireliya ne, Ben Howling da Yolanda Ramke suka ba da umarni, ita Ramke ta rubuta labarin. An fara nuna shi a bikin finafinai na Adelaide a 2017, ya hau Netflix a watan Mayun 2018. Tsawonsa minti 105. Martin Freeman ne ya fito a matsayin Andy. Wata annoba ta cinye ƙasar, duk wanda mai cutar ya ciza, cikin awa 48 zai rikiɗa ya koma mai farautar mutane. Andy da matarsa Kay da 'yarsu Rosie mai shekara ɗaya suna zaune cikin jirgin ruwa mai ɗakuna, suna bin kogi, abinci yana ƙare musu. Zan faɗi ƙarshen labarin a nan gaba, wanda bai so ya sani ya tsaya a nan.

Shirin da na yi: in rubuta fassarar a ƙasan allo da manhajar Aegisub, minti goma kowane dare. Na gida ne kawai, ba na kasuwa ba.

Talata, 7 ga Janairu

Dare biyu na kashe a kan kalma ɗaya. Me zan kira waɗanda cutar ta rikiɗar?

Ƙanena ya ce in rubuta zombi kawai, kowa ya sani. Kowa a cikin abokansa yake nufi. Gwaggo ba ta sani ba, kuma fim ɗin kansa bai furta kalmar ba ko sau ɗaya. Asalinta ma ba ta da alaƙa da cizo: daga Haiti ta fito, inda ake cewa matsafi yana tayar da gawa ya bautar da ita a gona. Masu cin naman mutane da muka sani yanzu George Romero ne ya kawo su a fim ɗinsa na 1968, shi ma a ciki ba da wannan sunan aka kira su ba, da wata kalma ce da Turanci ya aro daga Larabci, gul, dodon maƙabarta.

Na gwada fatalwa, na goge. Fatalwa ba ta da jiki, waɗannan kuwa jiki ne kaɗai ya rage musu. Na gwada maye, na goge da sauri, don maye ya san abin da yake yi, da dabara yake kama kurwa. Gawa mai tafiya ta yi tsawo, kuma na Cargo ba matattu ne da suka fasa kabari ba, marasa lafiya ne. Wani abu mai danƙo, ruwan zuma, yana fito musu ta ido da hanci da baki ya daskare, sannan suna tona rami su cusa kai a ƙasa, ko su jingina fuska da bango a wuri mai duhu. Wannan tonon ramin ya fi cizon tayar mini da tsikar jiki, musamman da na ga Andy da kansa ya fara kartar ƙasa da hannu alhali hankalinsa bai gama gushewa ba.

A ƙarshe na tsaya a kan kamammu, tilo kamamme. Wanda cuta ta kama. Idan lokacin ya cika kuma, ya rikiɗa. Na tambayi Gwaggo ko ta gane, ta ce, "Kamar cizon mahaukacin kare ke nan." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Sunan fim ɗin bai ba ni wahala ba. Fassarar kai tsaye Kaya ce, amma babu Bahaushen da zai kira jaririya kaya. Na rubuta Goyo a saman fayil ɗin.

Lahadi, 12 ga Janairu

Aikin sati guda ya tashi a banza. Na kunna wa Gwaggo minti goma sha biyar na farko, ta sa tabarau, ta matso, kafin ta haɗa layi ɗaya biyu sun wuce. Ta iya boko, amma a natse take karatu, da yatsa. Ta cire tabarau ta ce, "Ni fim na ce, ba jarida ba."

Don haka murya zan ɗora. Na sauke Audacity, na aro makirufo irin na maƙalawa a wuyan riga. Wurin ɗauka shi ne matsala: janaretan maƙwabci, akuyar gidan baya, ga tarin hunturu da ya kama ni. Mafita ita ce bayan sallar asuba, in shige cikin bargo da waya da takarda, in yi ta magana kamar mai ɓoye laifi. Matata ta yaye bargon jiya ta tarar ina cewa "kar ki buɗe ƙofar nan" da muryar tsoro. Har yanzu dariya take yi mini.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na gama ɓangaren kogi har zuwa hatsarin mota. A nan ne na gane abin da ya sa fim ɗin ya riƙe ni tun kallon farko, kuma a nan muka yi musu da ƙanena har tuwo ya huce.

Shi a ganinsa fim ɗin ba shi da jini a jika. Ya saba da irin na Koriya ɗin nan na 2016 da ake guje-guje cikin jirgin ƙasa, kamammu ɗari suna hawa kan juna. Ya ce a Cargo sai ka yi minti ashirin ba ka ga dodo ba, kuma mutanen ciki wawaye ne: me ya kai Kay cikin jirgin da aka watsar ita kaɗai?

Na ce ya sake kallo. Andy ne ya fara shiga jirgin, ya kwaso abinci, ya ji alamar motsi a bayan wata ƙofa, ya fito bai faɗa mata ba don kar hankalinta ya tashi. Ita kuma ta ga miji ya dawo lafiya yana murmushi, sai ta lallaba ta je ƙaro kaya. Abin da ya kashe ta ke nan. Ba wauta ba ce irin ta finafinan tsoro da ake tura mutum ɗakin duhu don a samu ihu. Hali ne da na sani a gidajenmu: maigida ya ɓoye girman matsala wai yana kare iyali, sai iyalin su taka abin da ya ɓoye. Bayan an cije ta ma bai daina ba. Kay ta san ta ƙare, tana so a bar ta a kogin, shi ya dage sai asibiti, ya sa su a mota, ya kauce wa wani mutum a kan hanya ya daki bishiya. Ya suma. Da ya farfaɗo lokacinta ya cika, ta cije shi a hannu yana ƙoƙarin fito da Rosie.

Duk abin da ya biyo baya daga taurin kan mutumin kirki ya fito. Freeman ya dace da wannan, fuskarsa ta ma'aikacin ofis ce mai ladabi, wanda ko duniya na ƙonewa zai ce "yi haƙuri" kafin ya wuce ka. Yana yi wa Rosie wasa da murya mai daɗi, idonsa na kan agogon da ke hannunsa. Agogon na cikin kayan agajin da gwamnati ta watsa ne, yana ƙirga awa 48 a baya-baya, kuma a cikin ƙunshin akwai wani tsinken ƙarfe da mutum zai ɗora a gefen kansa ya kashe kansa idan ya ga babu makawa. Gwamnatin da maganinta ke nan.

Wani abu da na koya a bargo: masu fassarar finafinan Indiya ba sa barin shiru, ko jarumi tafiya yake sai an saka masa zance ko barkwanci. Na gwada haka a wurin da Andy ya fito daga motar ya tsaya. Na saurara, na ji kunya, na goge. Inda fim ya yi shiru zan yi shiru, ko Gwaggo za ta ce makirufo ya lalace.

Laraba, 22 ga Janairu

An ɗauke wuta ina tsaka da haɗa sauti, batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, aikin asuba uku ya tafi. Na huce da na tuna su ma masu fim ɗin sun ɗanɗana: a ƙarshen 2016 suka yi ɗauka a jihar Ostireliya ta Kudu, lokacin da guguwar 28 ga Satumba ta jefa jihar gaba ɗaya cikin duhu.

Ɓangaren da ya ɓace na Vic ne, kuma gaskiya ban yi kewarsa ba. Vic mutum ne da ya mallake wata tashar haƙar gas, yana kulle 'yan asalin ƙasar a keji a matsayin tarko, kamammu su taru ya harbe su ya kwashe agogo da sarƙa, wai idan duniya ta dawo daidai shi ne mai kuɗi. Yana tsare da wata mata, Lorraine, yana kiranta matarsa alhali shi ya jawo mutuwar mijinta. Anthony Hayes ya yi ƙoƙari, amma an rubuta mugun ne da babban alli. Bature mai haƙar ƙasa yana saka baƙar fata a keji: saƙon ya iso tun kafin ya buɗe baki. Kowane fim na irin wannan sai ya tsaya ya gaya maka mutane sun fi dodanni mugunta, mun ji. Abin da na ɗauka a nan ɗaya ne, yadda Andy ya yi saurin yarda zai bar wa Lorraine 'yarsa don kawai ya ga mace mai taushin hannu da gida mai katanga. Mai neman inda zai ajiye amana cikin gaggawa ba ya duba ƙasan tabarma.

Zan sake ɗauka gobe, in wuce.

Litinin, 27 ga Janairu

Thoomi. Da ni ne mai fim ɗin, da ita zan fara, da ita zan rufe.

Yarinya ce 'yar asalin ƙasar, Simone Landers ta fito a matsayinta, kuma shi ne fim ɗinta na farko. Mutumin nan da Andy ya kauce wa a hanya mahaifinta ne, ya riga ya rikiɗa. Ta ɓoye shi a jeji tana ciyar da shi da naman dabbobi, tana gudun kada danginta su gan shi, don su suna bin daji da masu da wuta suna kashe kamammu. Ta yi imani kurwarsa ce ta fita, kuma akwai dattijon da zai iya dawo da ita. Da na zo nan fassara ta zo da kanta, kalmar kurwa ta zauna kamar don ita aka yi wurin. To ga Andy yana ɗauke da 'ya yana neman wanda zai ba, ga Thoomi tana jan uba tana neman wanda zai warkar. Kowannensu ya ƙi yarda da abin da idonsa ke gani. Shi ya sa haɗuwarsu ta yi ma'ana, ba don labari yana buƙatar ɗan rakiya ba.

Dattijon, Daku, David Gulpilil ne, wanda ya fara fitowa a fim tun 1971, ya rasu a Nuwamban 2021. Mintocinsa a Cargo ba su da yawa, kuma wannan na cikin laifin da nake ɗora wa fim ɗin: ka samu mutum irin wannan, ka bar shi a gefe, ka ba Vic rabin awa. Sunan matsayinsa ya ba ni aiki. Idan na ce boka, Gwaggo za ta yi a'uziyya ta daina jin tausayin yarinyar. Malam kuma ƙarya ce. Na ce dattijo mai magani.

Akwai abin da dole in ƙara da bakina, don in ba shi ba rabin fim ɗin zai wuce ta sama. Waɗannan mutane sun fi shekara dubu hamsin a ƙasar kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Daga wajen 1910 har zuwa shekarun 1970 hukuma tana ƙwace 'ya'yansu, musamman ruwa-biyu, tana kai su gidajen mishan da gidajen Turawa wai a wayar da su. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. To a ƙasar da aka yi wannan, fim ya nuna Bature yana ratsa jeji da ƙafa yana roƙon waɗannan mutanen su karɓi 'yarsa riƙo. Garuruwa sun mutu, asibiti ya mutu, sojoji sun watse, waɗanda suka san daji ne suka rage a tsaye. Wata tsohuwar malamar makaranta, Etta, ita ta fara nuna masa hanyar.

Na ɗauki bayanin a jimla huɗu, na ɗora a kan wurin da kyamara ke bin tsaunuka daga sama babu mai magana. Na karya dokar shirun da na kafa wa kaina ke nan, sau ɗaya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wurin da nake tsoro na iso. Tun a farkon fim Andy ya hango wani magidanci a bakin kogi da matarsa da yara biyu, ya ɗaga musu hannu, mutumin ya ɗage riga ya nuna masa bindiga. Andy ya riƙe su a rai a matsayin mafita ta ƙarshe. Da ya koma ya same su, uban an cije shi, yana haƙa rami, yaran suna wasa a gefe. Uban ya yanke shawarar tafiya lahira da iyalinsa duka. Ba a nuna komai ba, ƙarar harbi kawai ake ji daga nesa, ɗaya bayan ɗaya. Babu kamamme ko ɗaya a wurin, kuma babu inda ya kai shi ban tsoro a fim ɗin gaba ɗaya. Sau huɗu ina ɗauka muryata tana rawa.

Ƙanena ya ce in yanke wurin saboda Gwaggo. Na ƙi. In ba a ga uban da ya zaɓi rami ba, ba za a san nauyin abin da Andy ya zaɓa ba, don shi ma an miƙa masa hanyar nan, ya juya ta a hannu, ya daɗe kafin ya ajiye.

Da daddare na koma YouTube na sake kallon gajeren Cargo na 2013, mai minti bakwai, wanda su biyun suka kai gasar Tropfest kafin a ba su kuɗin yin dogon. Kusan babu magana a ciki. Uba ya farka a mota, an cije shi, ya goya 'yarsa, ya ɗaure hannuwansa, ya rataya ƙunshin kayan ciki a sanda a gabansa yadda ko ya rikiɗa zai yi ta bin naman yana tafiya, ba zai juyo kan goyon ba. Zan faɗi abin da masoyan dogon ba sa so: gajeren ya fi shi kaifi. Duk abin da ke sa mutum hawaye yana cikin minti bakwai ɗin nan. Abin da dogon ya ƙara da ya cancanci zama shi ne Thoomi da ƙasar kanta, jan dutse da fili da Geoffrey Simpson ya ɗauka da rana tsaka, babu duhun da za a ɓuya a ciki. Sauran ciko ne, wani mai kyau, wani a'a.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Gwajin murya na farko. Bayan la'asar na haɗa kwamfuta da talabijin, na kunna wa Gwaggo daga farko har zuwa ramin jirgin ƙasa inda suka sake karo da Vic. Iyakar inda na kai ke nan.

Ba ta yi ƙorafin shiru ba ko sau ɗaya, ita ta cike shi da kanta. Da Andy ya dawo daga jirgin yana murmushi ta ce, "Faɗa mata mana, ɗan nan!" Da Kay ta tafi ta ce, "Shi ke nan, ya kashe ta." Tsinken ƙarfen gwamnati ta tsine masa. Wurin magidancin bakin kogi ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi salati, ba ta ce a kashe ba. Vic kuwa, wanda na raina, shi ya fi ba ta haushi, har tana nuna allo da carbi, kuma da ta ga ya rungume Rosie yana kuka a cikin ramin sai ta yi tsit, can ta ce, "Ashe shi ma mutum ne." Ban janye ra'ayina a kansa ba, amma na rage masa kaɗan.

Gyaran da ta ba ni biyu ne. Muryar da nake yi wa Thoomi ta yi kama da ta tsohuwa, in nemo yarinya. Sannan inda na sa Andy yana cewa "ki kula mini da ita", ta ce ba haka ake ba da ɗa ba. "Ga amana nan, ita ce maganar." Na rubuta a bayan hannuna don kar in manta.

Ta matsa in faɗa mata ƙarshen, na ce sai an gama. A can ne Andy zai sa abin kare haƙora a baki, a ɗaure masa hannu, Thoomi ta hau bayansa da Rosie tana riƙe da sandar nama, ya zama goyo biyu a bayan mutumin da ba ya nan. Idan sun isa wurin danginta, kafin a soke shi, za ta fesa masa turaren Kay ya tsaya cak. Kusan babu abin fassarawa a wurin sai kalma biyu da ya rubuta da farin fenti a kan cikin Rosie, na godiya. Ina ta juya ko in ce "na gode" ko in bar Gwaggo ta tambaye ni me aka rubuta.

'Yar yayata za ta zo ranar Lahadi ta gwada muryar Thoomi, uwarta ta ce da sharaɗin ba za ta ga fuskar kamamme ko ɗaya ba, don haka sai na rufe rabin allo da kwali. Minti goma sha biyar suka rage, da sake dukkan layukan yarinyar daga farko. Azumi saura sati uku.